Na cika kaye uku da kalmomin Ingilishi, amma bakina ya ƙi buɗewa

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce, shekaruna 21, a nan Damagaram nake. Na ci jarrabawar bak, kuma burina in karanci aikin jinya a Kano, inda gwaggona take aure. Babana ɗan kasuwa ne. Ya yarda, amma ya ce sai na fara gyara Ingilishina, don wanda muka yi a kwaleji da lise bai taka kara ya karya ba. Ya sa ni a wani kwas na yamma, yana biyan jaka goma duk wata. Malaminmu kullum kalma talatin yake rubuta mana a allo, kowace da ma'anarta da Faransanci da ƴan'uwanta biyu ko uku masu ma'ana ɗaya, mu haddace, ranar Asabar ya yi mana gwaji. Wata shida ke nan, na cika kaye uku, ban taɓa faɗuwa gwajin ba.

Da babbar Sallah ɗan gwaggona ya zo daga Kano. Baba ya ce mu yi hira da Ingilishi ya ji inda kuɗinsa suka shiga. Wallahi Anti ko jimla ɗaya ban iya haɗawa ba, sai zufa. Da dare na tura wa ɗan gwaggon nawa saƙo ina neman taimakonsa, na rubuta "I demand your help", don a kayena ask da request da demand duk layi ɗaya suke. Da safe ya karanta shi a tsakar gida yana dariya, wai ina ba shi umarni kamar soja. Tun ranar Baba ya ce an yi asarar kuɗi, ƙarshen wata zai daina biya. Ni kuma ko ganin kayen nan ba na son yi. Kaina ne ba ya ja, ko malamin ne ya cuce mu? In haƙura da Kano?

Wata ɗiyarki daga Damagaram

Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu da haƙuri. Dariyar da aka yi miki a gaban mahaifi, a tsakar gidanku, ranar Sallah kuma, tana da ciwo, ba zan ce miki ba komai ba ne. Amma maganar kai ba ya ja ki ajiye ta. Yarinyar da ta ci bak da harshen da ba na uwarta ba, ta kuma riƙe kalma talatin a rana har wata shida ba ta faɗi gwaji ba, kanta lafiya lau yake. In muka yi lissafi, kalmomin da suka bi ta hannunki sun haura 3,000. Abin da ya faru shi ne an ba ki kayan miya cike da kwando, ba a taɓa sa ki kin ɗora tukunya ba.

Bari mu fara da saƙon nan, don a cikinsa matsalar take gaba ɗaya. Da Hausa kin san mutu da rasu da kwanta dama abu ɗaya suke nufi, amma ba ki taɓa cewa akuyar maƙwabta ta rasu ba, ba kuma za ki shiga gidan makoki ki ce wa matar mamaci "ashe mijinki ya mutu" ba. Babu wanda ya rubuta miki wannan a allo. Kin ji su a bakin mutane ne, kowace a wurin da ake faɗinta, sau ɗari, har kunnenki ya gane. Ingilishi ma haka yake. Ask tambaya ce ko roƙo na yau da kullum. Request ita ake sa wa a takardar ofis ko inda ake son nuna ladabi. Demand kuwa ta mai bin bashi ce, ko ta ma'aikata masu yajin aiki, wanda ke ganin haƙƙinsa ne dole a ba shi. Layin da ya jera su wuri ɗaya bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɓoye miki rabin gaskiya. Sannan Faransanci ya ƙara tura ki rami, don demander a wurinmu roƙo ne mai sauƙi, yaro ma yana yi wa uwarsa. Kusan duk wanda ya shiga Ingilishi ta ƙofar Faransanci sai ya taka wannan wurin. Abin da kike son faɗi a daren nan shi ne "Could you help me, please?", kuma na tabbata duk kalmomin da ke cikinta kin san su tun kina ajin farko na kwaleji.

Littafin da ya fi shahara wajen jera kalmomi masu kusancin ma'ana, wanda wani likita ɗan Ingila mai suna Peter Mark Roget ya fitar a 1852, an yi shi ne don masu rubutu waɗanda suka riga suka san harshen, kalma ta ɓace musu suna son a tuna musu. Mai koyo kuwa, in aka ba shi kalma huɗu masu kama da juna a zama ɗaya, cakuɗe masa suke yi. Paul Nation, wani malamin jami'a a New Zealand da ya ƙare rayuwar aikinsa kan yadda ake koyon kalmomi, ya yi gargaɗi a kan haka: kalmomi masu ma'ana ɗaya, ko masu kishiyantar juna, in aka koye su tare tun farko sun fi wuyar zama a ka. Shawararsa ita ce a fara riƙe wadda aka fi amfani da ita, ta zauna daram, daga baya a kawo ƴar'uwarta.

Shi wannan malamin da abokan bincikensa sun nuna wani abu da zai kwantar miki da hankali. Kalmomi 2,000 da aka fi yawan amfani da su a Ingilishi su ne ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu na yau da kullum, a hira ta baki ma sun fi haka. Mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da ƙamus a gefe ba yana bukatar wajen 8,000 zuwa 9,000, amma wannan tafiyar shekaru ce, ana yin ta ne ana cikin karatu. Gidan rediyon Muryar Amurka tun 1959 ya fara wani shiri na labaran duniya da Ingilishi mai sauƙi, da kalmomi wajen 1,500 kawai, kuma da su aka riƙa ba da labarin yaƙi da zaɓe da cututtuka. Ina zargin cewa cikin dubu ukun da kika haddace akwai manya-manya da yawa da ba za ki ji su a bakin kowa ba a Kano, alhali ƙananan nan irin get da take da put da make ba a tsaya an nuna miki yadda suke sauya ma'ana ba. Look kallo ne, look for nema, look after kula da mutum, wato aikin da kike son yi wa marasa lafiya. Faransanci yana da faire guda ɗaya, Ingilishi ya raba shi biyu: make a mistake, amma do your homework. Ruwan sama mai ƙarfi heavy rain ne, shayi mai kauri strong tea, in kika musanya su za a gane ki amma za a yi murmushi. Irin wannan zaman tare na kalmomi shi ne abin da ya kamata ki riƙa rubutawa.

Kada kuma tsautsayin demand ya sa ki ɗauki Faransancinki abokin gaba. Dukiya ce da ɗan gwaggonki ba shi da ita. A 1066 Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, shi ya sa Ingilishi ya cika da kalmomin Faransanci da na Latin. Daga nan ne ma yawancin tagwayen nan suka fito: begin da commence, buy da purchase, help da aid, freedom da liberty. Ta farko ta gida ce, ta biyu ta takarda. In kina shakka a hira, ɗauki gajerar ta gida. A ajin jinya kuwa ta takardar ce za ta yi miki rana, don infection da injection da fracture da patient rubutunsu ɗaya ne da wanda kika sani, furuci kawai za ki gyara. Kalmar da ta ƙare da -té sau da yawa takan koma -ty, mai -ique ta koma -ic, mai -eux ta koma -ous. Ranar da aka shiga darasin sassan jiki da sunayen cututtuka, ke za a riƙa leƙa wa takarda.

Sai dai ki ware shafi guda na mayaudara, waɗanda fuskarsu ta Faransanci ce amma cikinsu daban. Ga mai aikin asibiti wasu ma haɗari ne. Injury rauni ne, ba zagi ba. Medicine magani ne ko ilimin likitanci, likitan kansa doctor ne. Drug a bakin ma'aikacin asibiti magani ne na halal, ba lallai ƙwaya ba. Attend halarta ce, ba jira ba. Library ɗakin karatu ne, ba kantin sayar da littattafai ba. Actually tana nufin "a gaskiya", ba "a halin yanzu" ba. Waɗanda za ki riƙa karo da su kullum ba su da yawa, shafi ɗaya ko biyu ya ishe su.

Yanzu ga yadda nake so ki sake tsarin aikinki. Ki sauko daga talatin zuwa takwas a rana, kuma kada ki ɗauko su daga jeri. Ki ɗauko su daga abin da kika karanta ko kika saurara a ranar. Ki nemi rubutu mai sauƙi wanda a kowane layi biyar ba za ki rasa gane fiye da kalma ɗaya ko biyu ba. In shafi ya cika miki da baƙin kalmomi, ya fi ƙarfinki a yanzu, ki ajiye shi ba tare da jin kunya ba. Akwai ƙananan littattafan labari da aka rubuta musamman don masu koyo, mataki-mataki, irin jerin Oxford Bookworms da Penguin Readers. Ki sa gwaggo ta duba miki wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Kano, direbobin da ke bin hanyar Matamaye da Daura su kawo miki. Darussan BBC Learning English kyauta ne a intanet, gajeru ne, da yawansu da rubutun abin da ake faɗi, kina iya sauke su lokacin da kika sami reso mai kyau ki saurara sau uku ko huɗu kina wanke-wanke.

Kowace kalma da kika zaɓa, ki yanka ƴar takarda. A fuska ɗaya ki rubuta jimlar da kika tsince ta a ciki, ki bar gurbin kalmar babu komai. A bayanta ki rubuta kalmar, da ma'anarta da Hausa ko Faransanci, da jimla ɗaya taki ta kanki a kan rayuwarki: Babanki, kasuwar Dole, zafin watan Afrilu, layin ɗiban ruwa. Sai ki samo ambulan uku. Sabuwar takarda tana shiga ta farko, wadda ake dubawa kullum. In kin tuna kalmar kafin ki juya, ta wuce ambulan ta biyu, da ake dubawa bayan kwana uku. In kin sake tunawa, ta wuce ta uku, ta ranar Juma'a. Wadda kika manta, ko daga ina take, ta dawo ta farko. Wani Bajamushe, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa wannan dabara a 1972, tushenta kuma binciken da Hermann Ebbinghaus ya wallafa a 1885, inda ya nuna cewa yawancin mantuwa a sa'o'i da kwanakin farko take faruwa, kuma maimaitawa da tazara ita ke rage ta. Wannan ne ya sa kike cin gwajin Asabar, ranar Laraba kuma rabin kalmomin sun gudu. In wayarki Android ce, manhajar AnkiDroid tana yin wannan aikin kyauta, ba ta bukatar intanet kullum. Ni dai na fi son takarda ga mai farawa, don waya tana da WhatsApp a ciki, kin san sauran.

Ƙamus ma ki sauya. Na Faransanci zuwa Ingilishi yana ba ki kalma ne ya bar ki a hanya. Ki koma irin na masu koyo, kamar Oxford Advanced Learner's ko na Longman, waɗanda ke bayyana kowace kalma da Ingilishi mai sauƙi, su ba da jimlolin misali, su kuma gaya miki ko ta ofis ce ko ta hira ko ta rashin kunya. Dukansu ana duba su kyauta a intanet, har da muryar furuci. Misalan nan su za ki fi karantawa, fiye da ma'anar. In kina son na Hausa a gefe, akwai ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990, yana rarrabe ma'anoni da misalai.

Kayenki ukun nan kuma kada ki jefar. Ki bi su da jan biro, duk kalmar da kika sake haɗuwa da ita a karatu ki yi mata alama. Za ki ga tana shiga da sauri fiye da baƙuwa, don kin taɓa gaisawa da ita. Wata shidan nan ba su tafi a banza ba.

Maganar daskarewa a gaban Baba daban ce. Baki sai da motsawa yake sabawa, ke kuma wata shida hannunki da idonki kawai suka yi aiki. Ƙari a kan haka an ce ki yi hira da namiji, a gaban mahaifi, ana jira a ga ko za ki faɗi. Ko da Faransanci aka ce ki yi, da sai kin yi in'ina. Ki sami ƙawa ɗaya cikin ƴan ajinku, ku riƙa tura wa juna saƙon murya na minti ɗaya kowane dare, kowa ta faɗi abin da ta yi a ranar, ta sa kalma uku cikin na yau. Satin farko za ki ji muryarki ki so ki goge. Kada ki goge.

Kin tambaya ko malamin ya cuce ku. Ban ga alamar cuta a wasiƙarki ba. Mutumin da ke rubuta kalma talatin kullum ya kuma gyara gwaji duk Asabar ba malalaci ba ne. Wataƙila haka aka koya masa, wataƙila kuma yana kallon jarrabawar Najeriya irin su WAEC da JAMB, inda ake tambayar kalmar da ta fi kusa da wata a ma'ana ko kishiyarta. Amma ko a can cikin jimla ake sa kalmar, kuma zaɓin da ake bayarwa sau da yawa duk ƴan'uwan juna ne, sai wanda ya san wurin zaman kowace yake fita. Ki same shi bayan darasi, ba a gaban ɗalibai ba, ki nuna masa saƙon da abin da ya biyo baya, ki ce: "Malam, ina neman shawara, yaya zan riƙa gane wadda ta dace?" Ki roƙe shi ya riƙa ba da jimla ga kowace kalma, ya kuma ware ko minti goma sha biyar na magana. In ku uku ko huɗu kuka je tare da ladabi, ya fi. Malami na gari zai ji daɗin tambayar. In ya ɗauke ta raini, ya ce haka tsarinsa yake, to kin sami amsa, kuma jaka goman nan ta fi amfani a wurin wani malamin, ko a littattafai da kuɗin intanet.

Ɗan gwaggonki kuwa taubashinki ne, tsokana haƙƙinsa ce tun kakanni, kuma na san ke ma ba kya raga masa. Amma saƙon neman taimako da aka turo cikin dare amana ce, karanta shi a tsakar gida ya wuce wasa, balle da ya jawo miki fushin mahaifi. Ki gaya masa haka sau ɗaya, a fili, ba da kuka ba. Sannan ki ci tararsa: tunda ya iya, duk sati ya saurari saƙon muryarki ɗaya ya gyara miki, tsakaninku kawai. Yawancin masu irin wannan dariya ba mugunta ke sa su ba, ba su san ta kai haka ba ne. In ya sake fallasa ki, ki cire shi daga lissafi ki bar shi da gaisuwa. Kuma ki riƙa tantance gyaransa da ƙamus, don wanda ya tashi a Kano ma yana da nasa kurakuran da bai san da su ba.

Baba ne mai wuyar, kuma shi na fi tausaya wa bayan ke. Jaka sittin ya fitar, a wannan zamani, don karatun ɗiya mace a wata ƙasa, abin da iyaye da yawa ba za su ko saurara ba. Ɗan kasuwa ne, in ya zuba kuɗi yana son ya ga kaya. Ranar Sallah ya so ya yi alfahari da ke a gaban ɗan ƴar'uwarsa, sai abin ya juye, shi ma kunyar ta shafe shi. Kada ki je masa da "malam ne bai iya ba", zai ji kamar kina neman wanda za ki ɗora wa. Ki bari ya huce, ki fara shigar da maganar ta wurin Inna, sannan ki same shi bayan sallar isha'i in ya ci abinci. Ki gode masa, ki ce kin gano inda gyaran yake, ki roƙi wata uku. Ki faɗa masa abin da zai gani a ƙarshensu, abin da shi da kansa zai iya aunawa: za ki karanta masa takardar da ke cikin kwalin magani ko rubutun jikin katan ɗin kayan da ake kawowa daga Najeriya ki fassara masa da Hausa, za ki kuma yi hirar minti biyar da wanda ya zaɓa. Kalma takwas a rana cikin kwana casa'in sun kai 720, kuma waɗannan a bakinki za su kasance. In ya ce shi dai ya gama biya, kada ki ja da shi. Duk abin da na lissafa miki, in ban da kuɗin intanet kaɗan da na tsofaffin littattafai, ba ya cin ko dala. Ki yi watanninki uku shiru, ki zo masa da kwalin maganin.

Kano kuma kada ki haƙura da ita saboda jimla ɗaya, amma kada ki rataya duk rayuwarki a kanta. A nan Damagaram akwai makarantar koyon aikin lafiya ta gwamnati, ENSP, akwai kuma sashen ilimin lafiya a Jami'ar André Salifou. Ki bincika lokacin da ake karɓar takardu ki ajiye naki, don kada shekara ta wuce ki kina jiran abu ɗaya. In a nan Allah ya tsaga miki, Ingilishin ba zai zama asara ba: dokar ƙasa ta 2025 da ta mai da Hausa harshen ƙasa ta sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, kuma ƙungiyoyin agaji masu aikin lafiya suna daraja ma'aikaciyar da ke da duka biyun. Kafin nan, ki sa gwaggo ta je makarantar da kike nufi a Kano ta karɓo miki sharuɗɗan shiga a rubuce: yadda suke karɓar takardar bak, wace shaidar Ingilishi suke nema, nawa ne kuɗin ɗalibin da ya zo daga waje. Ki riƙe takardar nan a hannu ranar da za ki zauna da Baba, don tambayar farko da zai yi miki ke nan. Allah ya ba da sa'a, ɗiyata, ki sake rubuto mini bayan wata ukun in ji yadda kuka ƙare da shi.